Kyanwar da Ta Hau Kan Mai Tanki

Sana'arsa wankin tankin ruwa ce, irin na ƙarƙashin ƙasa wanda ake ginawa da siminti a bayan gidajen bene. Shekara ashirin da wani abu yana shiga ramin da sauran mutane ke leƙawa su ja da baya. Shi ya sa sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin jama'a, kowa sai Mai Tanki, har matarsa in ranta ya ɓaci. Mutum ne siriri, gajere, mara yawan magana, kai ka ce da bakin tanki aka auna shi. Duhu bai dame shi ba, matsi bai dame shi ba. Lakar da ta shekara biyar a kwance tana wari, shi sai ya ce ai ƙasa ce da ruwa. Abu ɗaya ne ba ya iya tsayawa a gabansa, shi ne kyanwa.

Ba ita kaɗai ba, duk wani mai gashi da ƙafa huɗu ba ya son ya raɓe shi. Sai dai akuya ana iya kauce mata, kare kuwa in ka ji tsoronsa ba mai yi maka dariya. Amma a ce magidanci da furfura a gemu kyanwa yake tsoro, wannan ba maganar faɗa ba ce.

Abin ya samo asali tun yana ɗan shekara shida. Yayyensa biyu suka tarfa wani muzuru da ya addabi kajin gidansu a ɗakin ajiya, sannan suka tura shi ciki suka sa sakata, wai su ga wanda zai fara kuka tsakaninsa da muzurun. Muzuru ya zaga bango sau uku bai sami mafita ba, sai ya juyo kansa. Da aka buɗe, an wanke masa wuyan da muzurun ya yage an sa magani, yayyen sun sha duka, magana ta wuce a wurin kowa. Ban da shi.

Da haka ya girma, yana tsara rayuwarsa a kan kaucewa. Layin masu kifi ne hanya mafi kusa zuwa tasha, bai taɓa binsa ba. In ya je shan shayi sai ya leƙa ƙarƙashin benci kafin ya zauna, yana yi kamar takalminsa yake gyarawa. Da zai yi aure ya ƙi ɗakin ƙasa mai faɗi, ya kama na hawa na uku, ya ce wa amarya iska ta fi kyau a sama. Ba ta yi wata biyu ba ta gane irin iskar da yake nufi, ta kuma rufa masa asiri. Ita da Tulu kaɗai suka sani.

Tulu abokin aikinsa ne, sa'ansa a shekaru, ƙato mai ciki, wanda ko an shafa masa mai ba zai wuce bakin tanki ba. Don haka tun ranar farko aka raba aiki, shi sama, Mai Tanki ƙasa. Ga yadda suke yi. Za a kulle makullin bututun da ke kawo ruwa daga titi. A zuƙe abin da ya rage da inji har ya koma iya idon sawu. Mai Tanki ya ɗaura tocila a goshi, ya ɗauki shebur da burushi ya sauka da tsani. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai Tulu ya zare tsanin, domin bakin ba ya ɗaukar tsani da bokiti a lokaci ɗaya. Daga nan shi ke cika bokiti da laka, Tulu na ja da igiya yana zubarwa. Har a gama, ba shi da hanyar fita sai in Tulu ya mayar da tsani.

"Ranar da ka ɓata mini rai," in ji Tulu kusan kullum, "gida zan tafi da tsanina, in ce wa matarka ka yi sabon ɗaki a ƙasa."

"Ka fara biyan mai ɗaukar maka cikin nan tukuna," shi ne iyakar amsar Mai Tanki.

Sai da suka shekara goma sha ɗaya da aure sannan Allah ya ba su haihuwa, mace, ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe. Ya sa mata sunan mahaifiyarsa, don haka ba ya iya kiran sunan, sai Uwata. Da ƙafar hagu a karkace ta zo duniya. Tana tafiya da ita haka nan, tana jan ta, har ta shekara bakwai, likitoci suka ce lokacin aiki ya yi. Aka yi aiki, aka ɗaure ƙafar da farin simintin nan nasu tun daga ƙugu har idon sawu, aka ce wata huɗu a kwance.

Ɗakin nasu ɗaya ne da ɗan lungu na girki. Gadon yarinyar aka jawo jikin taga don ta riƙa ganin waje, amma wajen bai wuce bangon gidan maƙwabta ba, wanda in ka miƙa sanda ta cikin ƙarafunan tagar za ka taɓa shi. A ƙasan tagar akwai rufin kwano na wani ɗan shago. Uwar tana shara a asibiti, tun safe sai yamma. Uban yana ramin wani. Su kulle ƙofa su ba wata tsohuwa da ke ƙarshen baranda makulli, wadda duk benen ke kira Gwaggo, ta leƙo sau biyu ta ba ta abinci ta canza mata tasar fitsari. Sauran yinin yarinya ce da bango.

Duk da haka bakinta bai mutu ba. Tana jin ƙarar makulli a hannunsa za ta fara, tun bai cire takalmi ba. "Baba, yau tankin su wa? Akwai kwaɗo? Matso in shinshina ka. Wannan na masu kuɗi ne, bai yi wari ba." Sai ya zauna a bakin gado, ya yi ta jin labarin ƙadangaren da ya faɗo daga bango da abin da Gwaggo ta ce wa surukarta. Shi da ba ya cika kalma goma a yini, wannan surutun shi ne hutunsa.

A cikin wata na biyu wata 'yar kyanwa ta biyo rufin shagon, ta bi bututun jikin bango ta hau taga. Yarinya ta tsiyaya mata madara a murfin kwalba. Washegari ta dawo. Uwar ta sani, ta ce a riƙa korar ta kafin Baba ya dawo, wai ba ya son gashi a kan gado. Suka yi sati biyu a haka.

Ran nan aiki ya ƙare da wuri. Ya karɓi makulli wurin Gwaggo, ya tura ƙofa, sai ga abar nan a kwance kan farin simintin ƙafar 'yarsa, tana lasar hannunta.

"Baba, shigo mana ka gaisa da baƙuwata. Ba ta zubar da gashi, duba ka gani."

Ƙafarsa ɗaya na ciki ɗaya na waje. Ya ji wuyansa na zafi. Ɗakinsa ne, gadonsa ne, 'yarsa ce, amma taku ɗaya ya gagare shi.

"Na manta abu a ƙasa," ya ce, ya ja ƙofar.

A kan matakala matarsa ta same shi da yamma, ya haɗa kai da gwiwa.

"Malam, wannan abar ko tafin hannunka ba ta cika ba."

"Na sani."

"Yarinyar nan tun da abar ta zo ta daina tambayata saura kwana nawa."

"Na sani."

"To?"

"Ba zan iya runtsawa ba in na san tana iya shigowa. Ki yi haƙuri."

Ranar da aka kai yarinyar asibiti a duba ɗaurin, Tulu ya zo da buhu. Ya ajiye madara a taga, ya jira, ya kama ta, ya kai ta bayan babbar kasuwa ya sake. Mai Tanki kuwa ya buga raga a tagar da ƙusoshi, ya ce saboda sauro. Da yarinya ta tambaya, ya ce kyanwa ai ba ta da gida, ta ga wani wuri ta tafi. Ta yarda. Kullum sai ta sa Gwaggo ta ɗan ɗaga gefen ragar ta ajiye murfin madara, da yamma uwar ta zubar da ita ta yi tsami.

Tulu ne ya ɓaro maganar, ba da nufi ba. Ya zo duba ta da lemo a leda, yana ta barkwancinsa, sai ya nuna mata bayan hannunsa. "Kin ga aikin ƙawarki? Ƙarama da ita sai faɗa, ta cikin buhu ma sai da ta yage ni."

Yarinya ta dubi Tulu, ta dubi ragar, sannan ta dubi ubanta. Ba ta yi kuka ba. Ta dafa katifa da hannu biyu, ta juya iya yadda simintin zai bar ta, ta ba su baya.

Daga ranar ƙarar makulli a hannunsa ba ta tayar da komai. In ya ce Uwata, sai ta ce sannu da zuwa, fuskarta na bango. Ya sayo fensir masu launi, ta ce ta gode, ta tura ƙarƙashin matashi. Ya sayo 'yar tsana mai rufe ido, ita ma can ta tafi. Ya zauna a bakin gado ya ƙirƙiro labarin kwaɗo mai girman bokiti, ya ga ko motsi ba ta yi ba, ya yi shiru a tsakiya. Da uwarta tana magana, da Gwaggo tana magana. Shi kaɗai aka rufe wa ƙofa. Ya tura Tulu bayan kasuwa har sau biyu ya nemo abar, Tulu ya dawo ya ce kyanwoyi sun fi ɗari a wurin, kuma ba wadda ta amsa sallama.

"Ka gaya mata gaskiya kawai," in ji matar. "Ita gani take mugunta ce. Gara ta san tsoro ne."

"In ce mata me? Ubanki da kike cewa ba ya tsoron komai?"

"To zauna. Kai a kulle, ita a kulle, ni ina tsakiya ina kai saƙo."

Sati uku aka yi haka. Ya rame, ya koma fita tun kafin ta farka.

A lokacin ne ruwan famfo ya ɗauke a garin, kwana goma sha ɗaya ko ɗigo. Masu gidaje suka ga tankuna sun bushe, kowa na neman a wanke masa kafin ruwa ya dawo. Aka kira su wani bene da masu haya suka tashi za a yi gyara, ba kowa a ciki sai tsohon mai gadi da rediyonsa a ƙofar gaba. Tankin yana can baya, tsawonsa ya kai tsayin mutum biyu, faɗinsa kamar ƙaramin ɗaki, da ginshiƙi a tsakiya. Murfin ya fashe, rabinsa ya faɗa ciki tun tuni.

Tulu ya kama makullin bututu ya murɗa, tsatsa ta riƙe shi. Ya sake gwadawa har ya yi nishi.

"Kai, ruwan da babu shi me za mu kulle? Bar shi."

Shekara ashirin ba su taɓa sauka ba su kulle ba. Mai Tanki ya dubi makullin, hankalinsa na wani wuri, ya ce to. Ƙwallon nan da ke toshe bututu in tanki ya cika shi ma ya huje, Tulu ya miƙa hannu daga sama ya kwance shi don a sa sabo. Mai Tanki ya tuɓe riga, ya bar wayarsa a aljihunta, ya sauka. Aka zare tsani.

Sun fitar da bokiti kamar goma, Tulu ya leƙo. "Bari in je in sayo ƙwallon kafin masu shago su tashi cin abinci. Ka yi ta kankare bango, yanzun nan zan dawo." Bokitin na sama da igiyarsa, tsani na kwance a gefe. Haka suka saba. Mai Tanki ya ji tashin babur, ya ci gaba da aikinsa.

Sai da ya zaga bayan ginshiƙin hasken tocilarsa ya faɗa kan idanu biyu.

Tana tsugune kan tudun laka da fasasshen murfin ya tara. Ba jaririya ba ce, ba ta kuma gama girma ba. Laka ta bushe a jikinta har ba a gane launinta, kunne ɗaya a yage, haƙarƙarinta a waje. Ta buɗe baki za ta yi kuka, sauti bai fito ba. Da gani ta kwana biyu ko uku a ciki, ta yi kiran har muryar ta ƙare.

Bai san lokacin da bayansa ya bugi bango ba. Ya riƙe shebur da hannu biyu. Ya ɗaga kai, ga bakin tanki can sama, ɗan fili mai haske kamar faranti. Ya kira Tulu, ya san ba ya nan. Ya kira mai gadi, muryarsa ta zaga bangon ta dawo masa. Bango huɗu, ba ƙofa, shi da ita. Numfashinsa ya koma guntu-guntu, gumi na shiga masa ido bai iya sakin shebur ya share ba.

Suna haka, tana kallonsa yana kallonta, sai bututun ya yi tari.

Duk mai wannan sana'a ya san tarin nan. Iska ce ke fara fitowa, sai jan ruwa mai tsatsa, sai kuma ruwan gaske. Bayan kwana goma sha ɗaya, da ƙarfinsa ya dawo. Bakin bututun yana can kusa da rufi, ko ya yi tsalle sheburinsa ba zai kai ba. Ya tsaya yana kallon ruwa na dukan ƙasa, yana cin idon sawunsa, yana hawa ƙwaurinsa. Bai iya iyo ba. Bai taɓa buƙata ba, shi da kullum sai an zuƙe ruwa yake shiga.

Da ruwa ya kai gwiwa tudun lakar ya fara narkewa. Kyanwar ta hau kan guntun murfin, ta tattara ƙafafunta wuri ɗaya. Ruwa ya shafe guntun. Ta faɗa, ta ɗago kai, ta zaga ginshiƙi tana neman abin kamawa, siminti ne sumul. Ta juyo. A duk cikin tankin abu ɗaya ne ya rage a saman ruwa, shi ne mutumin da ke manne da bango.

Ya kai mata shebur don ya ture ta. Ita kuwa ta ɗauka taimako ne, ta maƙale bakin sheburin ta hau. Sai ga shi riƙe da shebur a miƙe iya tsawon hannunsa, kyanwa na tsaye a kai tana ɗigar da ruwa.

Haka ya tsaya. Shebur ba nauyi gare shi ba, ita ma ba ta kai nauyin burodi biyu ba, amma duk wanda ya taɓa miƙe hannu da kaya ya san yadda abin ke ƙarewa. Kafaɗunsa suka ɗau zafi. Ya jingina ƙotar da cikinsa, ya canza hannu, ya sake canzawa. Ruwa ya kai ƙugu, sanyinsa na shiga ƙashi. Hannuwan suka fara rawa, bakin sheburin na sunkuyawa yana taɓa ruwa. Ya san abu biyu ne, ko ya saki ta nutse a gabansa, ko ya bar ta ta matso.

Ya sake ɗaga kai ya dubi hasken nan, yana kasa kunne ko zai ji babur. Sai ya ga ashe haka ake jiran ƙarar makulli. Shi awa ɗaya ya yi ba tsani har ya fara fita hayyacinsa. Akwai wadda ta yi wata uku tana jiran takun mutum a baranda, abu ɗaya ya zo mata da kansa ta taga, aka sa shi a buhu.

Bai yanke shawara ba, hannun ne ya gaji. Ƙotar ta sauko, kyanwar ta biyo ta a hankali, ƙafa bayan ƙafa, ta taka damtsensa. Faratanta suka shiga fatarsa. Ya runtse ido, ya manne kai da bango, yana jiran haƙori a wuya.

Abin da ya ji jiƙaƙƙen ciki ne mai sanyi ya manne da wuyansa. Tana ta karkarwa. Ta cikin haƙarƙarin yana jin zuciyarta na bugawa da sauri, ta fi tasa sauri nesa ba kusa ba. Ta cusa kai a ƙarƙashin haɓarsa ta yi lamo.

Ya daɗe bai buɗe ido ba. Da ya buɗe, ruwa na ƙirjinsa. Ya ji bakinsa na magana ba da izininsa ba.

"Ke kuma me ya kawo ki? Ba ki ga murfin a fashe yake ba? Yi a hankali da farcen nan. Tulu zai dawo. Surutu ne ya riƙe shi, na san halinsa."

Da ruwa ya taɓa jelarta ta haye kansa, ta dafe gashinsa da ƙafa huɗu. Ya ɗaga dunduniya ya tsaya a kan yatsu. Ruwan na lasar ƙashin wuyansa lokacin da hasken sama ya toshe.

Tulu ya leƙo, ya yi salati, ya ɓace. Aka ji dukan dutse a kan makullin bututu, sau biyar, sau shida, bututun ya rage, ya koma ɗigo. Tsani ya sauko. Mai Tanki ya hau a hankali, wuyansa a sandare kamar mai ɗauke da tulun ruwa, har ya fito rana.

Tulu na ta haki yana ba da haƙuri, shago uku ya zaga babu irin ƙwallon, a hanyar dawowa kuma taya ta sace. Sai ya tsaya da maganar ya ƙura masa ido.

"Wannan hular fa, a ina ka saya?"

"Miƙo mini rigata."

"Tsaya kar ka motsa, akwai buhu a babur."

"Rigata na ce."

Ya ɗaga hannu biyu sama, ya kamo ta ta ƙarƙashin ciki. Tun yana ɗan shekara shida hannunsa bai taɓa gashin dabba ba. Ya ɓamɓare ta daga kansa, har da 'yan gashinsa a faratanta, ya naɗe ta a rigar ya bar kan a waje. A bayan babur ya riƙe ta nesa da ƙirjinsa kamar mai ɗauke da garwashi, amma bai ba Tulu ba.

Gwaggo ta gan shi ba riga, wando na ɗiga, ta miƙa masa makulli. Matarsa ba ta taso daga aiki ba tukuna. Ya buɗe ƙofa.

"Uwata."

"Sannu da zuwa," ta ce wa bango.

Ya durƙusa a gaban gadon ya ajiye rigar a ƙasa. Kyanwar ta fito da ƙafa ɗaya, ta buɗe baki, wannan karon wata 'yar shaƙaƙƙiyar murya ta fito. Kafaɗar yarinyar ta motsa. Ta juyo da kai, sannan ta dafa katifa ta juyo gaba ɗaya.

"Ba ita ba ce," ya ce da sauri. "Waccan an nema ba a samu ba. Ni na sa aka tafi da ita, kuma na yi miki ƙarya. Ba don gashi ba ne, ba don sauro ba ne." Ya dubi ƙasa. "Tsoro nake ji."

"Tsoron me?"

Ya nuna da haɓa.

Ta dubi abar da ke tangaɗi a kan tabarma, ta dubi ubanta da yaƙushi a kafaɗa da laka har cikin kunne.

"Kai da kake shiga rami?"

"Rami ba ya motsi."

"Yanzu ma kana ji?"

"Ina ji."

Ta sauko da hannu daga gadon, kyanwar ta shinshina yatsunta.

"Wannan mummuna ce."

"Mummuna ce."

"Kuma tana wari."

"Tare muka yi shi."

Bakinta ya ɗan motsa, ta danne. "Ba za ta hau mini gado a haka ba, Mama za ta yi faɗa. Sai an yi mata wanka. Ni kuma ba zan iya tashi ba."

Ya dubi ƙofa ko Gwaggo na kusa. Baranda ba kowa.

"Ɗora ruwa, ya yi ɗumi kawai, kar ya yi zafi. Ka ɗauko ƙaramar robar, ba ta wanke-wanke ba. Ka fara ba ta madara tukuna, ba a yi wa mai jin yunwa wanka. A ina ka same ta? Ya aka yi kunnenta? A'a, ba ta wuya ake kamawa ba, sa hannu a ƙasan ƙirjinta. Baba, ta ya za ka wanke ta ido a rufe? Buɗe mana."

Ya buɗe ɗaya, ya ɗebo ruwa da tafin hannu ya zuba mata a baya. Laka ta fara sauka, sai ga ja-ja na fitowa a ƙarƙashi.

"Ashe ma ja ce," in ji yarinyar. "Ƙara zubawa mu gani."